Barmani Choge: Kafin ka ɗora muryarta a TikTok, san wace ce

Wata Asabar da ta wuce na je biki a nan Taura. DJ ya kwashe kusan awa biyu yana sako waƙoƙin zamani, 'yan mata na ta cashewa ana ɗaukar bidiyo, iyaye mata kuwa suna gefe a kan tabarmi suna kallo kamar ba da su ake ba. Can sai ya sako wani tsohon kiɗan ƙwarya. Wallahi kafin mai waƙar ta kai ƙarshen baitin farko tabarmin nan sun zama wayam. Gwaggonnin da ɗazu suke kukan ciwon gwiwa su ne a tsakiyar fili, an ɗaure gyale a ƙugu, guɗa na tashi ta ko'ina. Wata yarinya a kusa da ni ta ce ai ta san sautin nan a TikTok, har ta taɓa hawa kansa. Da na tambaye ta sunan mai waƙar sai ta tsaya tana kallona.

Ina jin kai ma haka ne, ko ke. Ka san muryar, ka yi dariya da ita, wataƙila ma ka tura wa abokinka a WhatsApp don ka tsokane shi. To mai muryar nan ita ce Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Choge. A daidaitacciyar Hausa Coge ya kamata a rubuta, amma Choge ɗin ne ya bi bayan kaset har ya zauna, don haka na bar shi yadda ka saba gani.

An haife ta a shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwayi da ke yankin Funtuwa, cikin jihar Katsina ta yau. Mahaifinta malami ne. Ka riƙe wannan, domin a ƙasar Hausa ta wancan lokaci kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma ba sana'ar da ake tinƙaho da ita ba ce. Gidan malamai da gidan makaɗa akwai tazara mai nisa a tsakaninsu, har a wajen neman aure. Barmani ba ta gaji kiɗa ba, shiga ta yi da ƙafarta.

Garin da ta tashi a cikinsa ya taimaka. Funtuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda ta nan ya ratsa, ga injin gurzar auduga, ga manyan hanyoyin mota da suka haɗu. Duk inda aka ce ga tasha ga kuɗin kaka, to za ka tarar da baƙi iri-iri: direbobi, 'yan kamasho, fatake, leburori, masu abinci, da makaɗan da ke bin su. Shi kansa Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, a Funtuwa ya kafa gida. Yarinyar da ta girma a irin wannan gari kunnenta ya ji maganganun da ta ƙauyen ƙayau ba za ta ji ba, kuma ta ga cewa ana iya cin abinci da baki.

An yi mata aure tana da kimanin shekara 15. Mijin nata, Alhaji Aliyu, yana kaɗa garaya, kuma bai tare mata hanya ba lokacin da ta fara fita wasa. Ni a ganina ba ƙaramin abu ba ne wannan. Mata nawa ne Allah ya ba su murya da fasaha irin tata, amma abin ya ƙare a bakin turmi da waƙar daɓe saboda maigida ya ce a'a? Ta haifi 'ya'ya goma sha biyu. A farkon shekarun 1970 ta kama amada gadan-gadan a matsayin sana'a, ta kuma shafe kusan shekara arba'in tana yi.

Bari in tsaya a kan amadar nan, don yawancinmu mun san sautin ne kawai, ba mu taɓa zama mun ga yadda ake yi ba. Babu ganga, babu kalangu, babu fiyano. Ƙore ne kawai, irin waɗanda ke rataye a ɗakin kakarka. Ana kife su manya da ƙanana, mata na zaune a jere suna dukansu da 'yan sanduna. Wata ƙwaryar kuma a cikin ruwa ake kife ta, a babban mazubi, ita ce ke ba da wannan amo mai zurfi da kake ji yana bugun ƙirji, wanda 'yan situdiyo yanzu suke nema da na'ura. Kowace ƙwarya da muryarta gwargwadon girmanta da kaurinta. Jagorar tana tsaye ko tana zagaye fili, ta jefa baiti, 'yan amshi su karɓe. Ba takarda, ba rihazal na mako guda. Idan ta hango wata hajiya ta shigo, nan take za ta saka ta a waƙa, ta ambaci mijinta da garinsu da sana'arta, ita kuma hajiyar ta taso da kuɗi ta liƙa mata a goshi.

Asalin amada ma ba ta biki ba ce. Mata ne ke yin ta a cikin gida da sigar bege da yabon waliyyai, musamman Shehu Abdulƙadir Jilani, kafin daga baya ta fito filin suna da aure ta ɗauki maganganun duniya. A Kano, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta riga Barmani yin suna. Su biyun nan ne ake fara ambata duk lokacin da aka yi zancen kiɗan ƙwarya, sai dai Barmani ta fi kaifin baki, ta fi ban dariya, kuma ta fi rashin tsoro.

Wajen fahimtar rashin tsoron nan ne nake ganin mu 'yan waya muke yin kuskure. Barmani ba don duniya take waƙa ba tun farko. Don tsakar gida take yi. Ka kwatanta wurin a ranka: gidan biki, an rufe ƙofar zaure, maza suna waje a kan dakali, ciki mata ne zalla, daga amare zuwa masu jikoki. Waɗannan mata da yawansu suna cikin kulle, biki ne babbar damarsu ta fita, su sa sabon zane, su ga ƙawaye, su saki jiki. A irin wannan wuri akwai maganar da ake yi wadda ba za a taɓa yin ta a gaban suruki ba. Barmani ta ɗauki hirar bayan labule ta ɗora mata kiɗa, shi ke nan. Abin da ke sa matan shewa shi ne kowacce ta san maganar, ta taɓa raɗa ta ga aminiyarta, yau ga wata ta faɗe ta da ƙarfi.

Turawa ma suna da irin wannan. Suna kiransa kabare, kuma gidan da aka fi dangantawa da farkonsa shi ne Le Chat Noir, wanda aka buɗe a birnin Faris a 1881. Ƙaramin ɗaki ne, 'yan kallo na zaune dab da mai wasa, shi kuma ya yi waƙa, ya yi barkwanci, ya tsokani wanda ke gabansa, ya yi wa manya habaici. A Balin ta ƙasar Jamus abin ya bunƙasa a shekarun 1920, kafin 'yan Nazi su hau mulki a 1933 su murƙushe masu zambo a cikinsu. Ba ina cewa amada kabare ba ce. Can mashaya ce, maza da mata a cakuɗe, nan kuwa tsakar gidan aure ne. Inda suka yi kama shi ne kusanci. Mai wasa na ganin idon kowa, kowa ya san dokar wurin, kuma abin da aka faɗa a ɗakin na 'yan ɗakin ne.

To me take faɗa musu? Idan ka tambayi saurayin yau zai ce batsa. Idan ka tambayi gwaggonka za ta ce sana'a. Gwaggon ta fi shi gaskiya.

Waƙarta da ake kira A Kama Sana'a Mata ita ce ƙashin bayan duk abin da ta yi. A ciki ba lallashi take ba, gori take yi wa macen da ta naɗe hannu tana jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu da na anko. Kuma fa ba a banza take maganar ba. Matan da ke gabanta sun san abin da ake nufi: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ɗanwake, ƙosai, saƙar hula, kitso, kiwon awaki, adashi. Mace tana cikin ɗaki ba ta leƙa ko zaure, amma jarinta na zagaye gari a kan tiren 'yarta. Wata mai bincike 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 ta yi nazarin wannan kasuwa ta ɓoye, inda ta nuna yadda matan kulle ke juya kuɗi ta hannun yara masu talla. Da wannan kuɗi uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take biki, da shi take tsira da mutuncinta ranar da aure ya mutu ko miji ya kwanta ciwo. Barmani ta san cewa macen da ba ta da ko sisi nata na kanta ba ta da bakin magana a gidan, ko da kuwa ita ce uwargida. (Tallar nan dai tana da nata illar, don 'yan mata da yawa ita ta hana su zama a aji. Wannan zance ne na wata rana.)

Ka kuma lura da lokacin. A ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji, 'yan kwangila suka yi yawa, kujerar Makka ta zo kusa, biki ya zama wurin nuna arziki. Daidai lokacin da Barmani ke tasowa ke nan, kuma naira ta shiga bakinta sosai, tana roƙon Allah ya kawo ta, tana yabon matan da suka tara ta da guminsu. Yau idan wata ta buɗe shafin sayar da turaren wuta ko atamfa a Instagram sai a yi ta tafa mata ana cewa mata sun waye. Tsohuwar nan ta yi wannan kiran shekara hamsin da suka wuce, ba tare da wata ƙungiya ta ba ta ko kwabo ba, kuma ita kanta hujja ce: da ƙwarya ta riƙe gida, ta biya 'yan amshinta, ta je Makka.

Sai zancen kishiya. A nan ne dariya ta fi yawa, a nan ne kuma ni nake da ja. Barmani ta iya zambo. Za ta siffanta kishiya tun daga tafiyarta har girkinta, ta mayar da ita abar dariya, uwargidan da aka yi wa amarya wata uku da suka wuce ta ji sanyi a ranta, ta tashi ta yi liƙi. Na fahimci amfanin hakan. Macen da aka ce ta yi haƙuri, ta danne, kada ta nuna kishi a gaban mutane, ta samu awa guda da wata ke faɗa mata cewa zafin da take ji gaskiya ne. Amma ka lura, kibiyar kusan kullum a kan ɗaya macen take sauka. Alhajin da ya auro ta yana waje yana shan iska, ba abin da ya taɓa shi. Kuma a filin nan guda akwai uwargida akwai amarya, kowacce na jin da ɗayar ake. Wataƙila ma gwanintar ke nan, ta sayar wa ɓangare biyu kaya ɗaya.

Waƙar Gwarne ta fi ba ni mamaki. Idan ba ka san kalmar ba, gwarne shi ne mace ta samu ciki tana goyo, kafin ta yaye na bayanta. A al'ada abin kunya ne, ana yi wa mai shi tsegumi a gidan suna, ana cewa ta kasa haƙuri. Barmani, uwar 'ya'ya goma sha biyu, ta juya abin ta mayar da shi ikon Allah da abin alfahari. Yau likita zai ce miki ki ba da tazarar aƙalla shekara biyu saboda lafiyarki da ta jaririn, kuma gaskiyarsa ne, ba na jayayya da shi. Amma ita ba lacca take ba a asibiti. Tana cire wa wata baiwar Allah kunyar da mata 'yan uwanta suka ɗora mata ita kaɗai, alhali ba ita kaɗai ta yi cikin ba.

Akwai kuma wadda kowa ke nema a YouTube, wadda ta yi a kan mazaunan mace da irin tasirinsu a wajen maigida. Ba zan yi maka bayaninta ba, ka riga ka sani. Abin da zan ce kawai, a tsakar gidan da na siffanta maka, tsakanin matan aure, wannan ba ta wuce irin wasan da ake yi wa amarya ranar kamu ba.

Matsalar ta faro ne lokacin da waƙar ta fita daga gidan. Rikoda mai kaset ta bazu a Arewa a shekarun 1970 da 1980, masu gurza kaset suka cika kasuwanni da tashoshin mota, gidajen rediyo suka riƙa sako makaɗan gargajiya. Muryar da aka yi don mata hamsin a bayan katanga sai ga ta a shagon mai shayi, a motar haya daga Gujungu zuwa Kano, a kunnen samari da dattawa. Ta samu suna har Nijar da duk inda Bahaushe yake, wannan riba ce. Amma wanda ya ji ta a tasha bai ga ɗakin ba, bai san dokarsa ba, kalmomin kawai ya ji, sai ya yanke hukunci cewa matar nan ba ta da kunya. A ajinmu na aikin jarida ana yawan nanata mana cewa saƙo ɗaya yana canza ma'ana idan masu sauraro suka canza. Ban taɓa gane wannan darasi sosai ba sai a kan Barmani.

Kai ma ka san abin a jikinka. Muryar da ka tura a guruf ɗin abokai kuna raha, a wayi gari wani ya fitar da ita Facebook, ka ga yadda za ta koma wani abu daban. Bambancin kawai, ita kaset ya yi mata haka sau ɗaya, mu kuma muna sake yi mata kullum. Muna yanko daƙiƙa goma sha biyar mafi yaji daga wasan da ya ɗauki rabin awa, mu ɗora a kan bidiyon da ba shi da alaƙa da ita, mu bar duk maganar sana'a da adashi da riƙon gida a baya. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka iya abin da ta iya ke nan.

Shekarunta na baya ba su zo da sauƙi ga masu irin sana'arta ba. Daga 2000 jihohin Arewa da dama, har da Katsina da Kano da Jigawa, suka ƙaddamar da shari'a, aka sa ido sosai a kan kiɗa da taron biki, a wasu wuraren ma aka takura wa makaɗa. Ta ɗaya gefen kuma ga fiyano da waƙoƙin fim sun kwace filin. Amarya ta fi son a kira mawaƙin situdiyo ya yi mata waƙa da sunanta, ko a ɗauko DJ da sifika biyu, ya fi arha a kan ɗauko mata takwas da ƙorensu daga wani gari a ba su masauki da abinci. Duk da haka ba ta ajiye sandar ba har ƙarfi ya ƙare, kuma manyan mata ba su daina nemanta ba. Masana ma sun waiwaye ta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kanta, ya sa ta a sahun gaba na mawaƙan mata na ƙasar Hausa.

Ta rasu a watan Maris na 2013 bayan ta sha jinya. Da yawanmu lokacin muna firamare, wayar da ke gidanmu ma ba ta hawa intanet.

Akwai wani abu da ban ga ana maganarsa ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, waƙa tana zama mallakin mai ita har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ka yi lissafi: baitocin Barmani suna da masu su har ƙarshen 2083, kuma ta bar 'ya'ya da jikoki. Yanzu ka shiga YouTube ka rubuta sunanta, ka ƙirga tashoshin da suka ɗora wasanninta, wasu da tallace-tallace a kai, wasu sun manna tambarinsu a kan fuskarta, wasu ko sunan waƙar ba su rubuta daidai ba. Yawancin abin da ke yawo an kwafo shi ne daga kaset zuwa faifan CD, daga nan zuwa memori, sautin duk ya dushe, amon ƙwaryar ruwan nan da na gaya maka da ƙyar ake jin sa.

A bikin nan na Taura, da waƙar ta ƙare DJ ya koma kan na zamani, gwaggonnin suka koma tabarmi suna haki suna dariya. Na matsa kusa da ɗaya daga cikinsu na tambaye ta ko a garin nan akwai sauran matan da suka iya kiɗan ƙwarya. Ta ƙirga da yatsu, ta kai uku, sannan ta janye ɗaya ta ce waccan ta rasu bara.